Hannun Kawu

Daga Allah muke, kuma wurinsa ne makomarmu. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina rarrafe bayan rasuwar mahaifina, ya cika ranar Alhamis da hantsi a gidansa na unguwar Soron Ɗinki a birnin Kano, bayan gajeriyar jinya. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Ni na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa, kuma a nan na ga yadda mutum ɗaya yake rarrabuwa a bakin jama'a. Limamin unguwa ya ce bai taɓa ganin sahu babu shi ba, amma ranar Lahadi da la'asar ana sallamewa yake zabura, ko addu'a ba ya jira. Tsofaffin abokan aikinsa na gidan waya suka zo tare, suka shafa fatiha, suka yi tsit. Sai na lura yatsun biyu daga cikinsu suna motsi a kan gwiwa. Ba tasbihi suke yi ba, hira suke yi da bugun tangaraho don kada a ji muryarsu a wurin makoki. Maƙwabcinmu na jikin katanga, dattijo Babarbare mai ɗinkin hula, ya yi kuka har da shessheƙa yana cewa, "Ni na yanke masa waya. Ku shaida, da almakashina na yanke." Baƙi suka yi ta kallon juna. Daga cikin gida kuwa ana jiyo Inna, mahaifiyata, tana gaya wa mata, "Yaya ya tafi ya bar 'yan kunnensa a rataye." Haka take kiran abin sauraron da yake ɗaurawa a kai.

Ranar sadakar bakwai wani baƙo ya yi sallama. Dogo ne, da wando da taguwa, kansa ya soma furfura tun lokacinta bai yi ba. Kowa ya gan shi ya san mutumin Gabas ne, amma da ya buɗe baki ya ce, "Ya muka ji da haƙuri?" sai Hausar Kano tsantsa ta fito. Wani dattijo ya tambaye shi ko shi wane ne ga mamacin.

Ya ce, "Ɗansa ne ni."

Kawu bai bar ɗa na cikinsa ba. Na san baƙon sarai, kuma na daɗe ina kishinsa. Ba zan iya ba da labarin Kawu in tsallake wannan ba, domin a tsakaninmu mu biyu ya yi shekarunsa na ƙarshe.

Kawu mai buga tangaraho ne a gidan waya har ya yi ritaya. Da ya ajiye aiki bai ajiye bugu ba, sai ya shiga rediyon sha'awa: mutane ne da hukuma ke ba lasin su haɗa na'ura a gida, su yi magana da 'yan uwansu na wasu garuruwa, ba don a biya su ba. A soron sama ya jera kayansa, da batirin mota a ƙarƙashin tebur. Ƙaramin lasin yake da shi, wanda bai yarje masa ƙarfi mai yawa ba. Ran da iska ta yi kyau yakan kai Zariya, wani lokaci Kaduna. Mai son zangon nesa sai ya ci jarrabawar babban lasin, ita kuwa kashi biyu ce: ta rubutu a kan lantarki da dokokin iska, da ta bugu, inda za a ga saurin hannunka a kan madanni, wato abin da ake dannawa a buga saƙo, da saurin kunnenka.

Yana da magana da yake yawan faɗa: "Kowane mai bugu da hannunsa, kamar yadda kowace mace take da hannun miya." Bugu gajere da dogo ne kawai harufan, amma a cewarsa babu mutum biyu da ke jera su iri ɗaya. Sai ya ƙara da cewa, "Ko cikin dubu zan gane hannun yarona."

Ba ni ne yaron ba. Wancan baƙon ne. A Sabon Gari aka haife shi, aka kawo shi gidan waya yana saurayi, aka damƙa wa Kawu ya koya masa aiki. Baba yake kiransa, ni kuwa Kawu kawai nake da ikon cewa. Kowace Lahadi yakan shigo ta Ƙofar Mazugal a kan keke, su hau soro su yi ta ƙwanƙwasa. In Inna ta aiko da tuwo, Kawu ya tura masa tsokar da ke cikin miya da bayan yatsa, ni kuma ina riƙe da butar wanke hannu. In an tambayi Kawu ni wane ne, yakan ce, "Ɗan ƙanwata ne, yana makarantar boko." Gaskiya ya faɗa, ban kuma taɓa jin daɗinta ba.

Da rikicin da ya riga yaƙin basasa ya ɓarke, lokacin da mutanen Gabas suka bar Kano a guje, wata safiya yaron Kawu ya faɗo zaurenmu babu keke, rigarsa a yage. Kawu bai tambaye shi komai ba. Ya hau da shi soro ya ɓoye shi a bayan na'urori har gari ya ɗan lafa. Sannan ya sa masa babbar rigarsa ta Juma'a, ya karɓo hula wurin maƙwabcinmu, ya raka shi tashar jirgin ƙasa da ƙafa. Duk wanda ya tare su sai Kawu ya ce, "Ɗana ne, ba shi da lafiya." Ni nake biye da su da ƙunshin guzuri. A bakin jirgi Kawu ya zaro madanninsa na tagulla, wanda nake goge masa da toka da lemon tsami duk ranar Juma'a, ya cusa masa a aljihu.

Ya ce, "In ƙura ta kwanta, Lahadi bayan la'asar, a zangon nesa. Kafin nan na ci jarrabawa."

Wannan alheri ne da nake roƙon Allah ya sa a mizaninsa. Amma ni a ranar madannin nake kallo.

Da yaƙi ya tashi aka hana kowa aikawa da saƙo ta iska. Ma'aikata suka zo tare da mai unguwa suka ɗauke na'urar aikawa, suka bar ta sauraro. Kawu bai yi gardama ba. Da suka fita ya ce, "Baki suka ɗauka, sun bar mini kunne." Washegari ya sauko da littafin jarrabawa, wani ƙato mai baƙin bango, ya ajiye a gabana. Turancinsa na aiki ne, bai kai na littafin ba, lissafin ma ya sha masa kai. Duk hutun da na zo gida, daga sakandare har na shiga jami'a, a kan wannan littafi ya ƙare. Ina karantawa ina mayar masa da Hausa, ban kuma yarda in bar kalmar Turanci tsirara ba matuƙar tana da 'yar uwa a harshenmu.

"Kawu, wannan abin da ke rage wa lantarki gudu, turjiya ya kamata a ce masa."

"Turjiya ta jakin Ƙofar Na'isa ce, Malam Boko. Karanta mini lissafin."

Bayan kwanaki na ji shi a zaure yana yi wa wani tsohon abokin aikinsa bayanin turjiya, kamar da ita aka haife shi. Bai ce daga wurina ya samo ba.

Shi kuma ya koya mini bugu, da cokali a gefen tasa, tunda madannin kirki ya tafi Gabas. Ba don ina sha'awar rediyo na koya ba. So nake wata rana ya ɗaga kai ya ce da kyau. Abin da nake samu shi ne, "Kana gaggawa kamar wanda kare ya biyo. Yarona kuwa, hannunsa kamar zubar ruwa daga buta." Da na ga ba zan zama ruwan buta ba, sai na koma kwaikwayon Kawu kansa. Na bi hannunsa ɗigo bayan ɗigo, har da wani aibi da yake da shi: yakan ja dogon ƙarshe na kowace kalma fiye da ƙima, kamar yadda yake jan takalminsa in ya doso zaure. Ban sani ba ko ya lura.

Duk tsawon yaƙin, Lahadi bayan la'asar yana soro da 'yan kunnensa, ko da yake ya san an hana bugu a can kamar yadda aka hana a nan. Don ya ji nesa, ya ja doguwar wayar eriya daga soronmu zuwa dabinon maƙwabcinmu. A cikin birni kuwa ba a hawa soro ko bishiya haka kawai. Sai an aika duk gidajen da ido zai iya kaiwa, a yi ta kira, "Za a hau! Za a hau!" har mata su shige ɗaki. Kawu ya fi kowa kiyaye wannan. Amma wata Lahadi da damina, iskar hadari ta tsinke wayar, ga la'asar ta gabato. Kawu, dattijo mai furfura, ya jingina tsani ya hau kan katanga bai aika kowa ba. Iyalin maƙwabcinmu suna tsakar gida suna daka, sai ihu da gudu.

Maƙwabcin ya fito da almakashi a hannu. Shi da Kawu abokan wasa ne, Babarbare da Bafillace, kullum cikin tsokanar juna suke, amma ran nan babu wasa a fuskarsa.

"Bafillace, ashe tsufa bai hana ka leƙe ba?"

"Ban ga kowa ba, wallahi. Sama nake kallo."

"Sama! Dama ana ta cewa wayar nan taka ce za ta jawo mana jirgin yaƙi. Yau ga abin da ta jawo."

Ya hau tsanin da kansa ya datse wayar daga jikin dabinonsa. Daga ranar ba su sake zama tabarma ɗaya ba har yaƙi ya ƙare. Kawu ya san shi ne da laifi. Ya aika Inna ta ba matan haƙuri, ya yi kwanaki bai ɗaga ido a masallaci ba. Ni kuwa raina ya ɓaci matuƙa, ganin mutuncin da ya tara shekara da shekaru ya zube saboda mutumin da ba a ma san yana raye ba. Wata rana muna cin abinci na kasa daurewa.

"Kawu, wataƙila fa ya mutu."

Ya tsame hannunsa daga kwano. Ya dube ni ya ce, "Ran da aka buɗe iska, na kira na ji shiru, ka zo ka maimaita mini. Kafin nan ka riƙe bakinka." Ya tashi bai ƙarasa tuwon ba. Ya ci gaba da sauraro da guntuwar waya a cikin soro, wadda ba ta kawo masa komai sai shuuu.

A shekarar ƙarshe ta yaƙi hannunsa na dama ya soma rawa. Da farko koko ne ke zuba daga ludayi, sai ya ce zafi ne. Daga baya ya koma ɓoye hannun a cikin riga.

Yaƙi ya ƙare, aka dawo da na'urar aikawa, bayan wani lokaci aka sa ranar jarrabawa a Kaduna. Muka tafi tare, ni da sunan rakiya, amma ni ma na sa sunana a jarrabawar. Kawu ya ci ta rubutu da kyau, shi da bai taɓa shiga ajin lissafi ba. A sauraro ma babu harafin da ya kuɓuce masa. Da aka zo bugu, mutumin da ya yi rayuwarsa a kan madanni ya ɗora yatsu, suka ƙi tsayawa. Gajere ya zama biyu, dogo ya karye a tsakiya. Mai jarrabawar ya ba shi dama ya sake, ya kuma sake, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ni na ci duka biyun.

Muka hau jirgin dawowa har muka wuce Zariya. Yana kallon taga ya ce, "Sun rage sauri bana. A zamaninmu, da wannan bugun naka ko masinja ba za a ɗauke ka ba." Na dube shi, na ga abin da na sani sarai a fuskarsa, domin na daɗe ina ɗauke da irinsa. Kawu kishina yake yi. Ko wannan ma na karɓa, tunda shi ne karo na farko da ya auna ni da kansa.

Maƙwabcinmu ne ya ji labari ya yi sallama a zaure, bayan duk wannan gaba. Shi ya aika gida gida a ce za a hau, shi ya riƙe mini tsani na mayar da wayar kan dabinonsa. Yana cewa, "Hau kai, Malam Boko, kada tsohon Bafillacen nan ya faɗo mana a ka." Kawu ya ce, "Riƙe da kyau, bawan gidanmu, aikinku ne tun kakanni." Da haka suka shirya.

Ranar Lahadi na zauna a gaban wani tsohon madannin ƙarfe da abokan Kawu suka samo mana. Muka raba 'yan kunne, ɗaya a kunnensa, ɗaya a nawa. Na buga lambar kirana, kamar yadda doka ta ce, na kira Gabas. Shiru. Lahadi ta gaba ma shiru. Ban maimaita masa maganar da ya ce in maimaita ba. Damina ta wuce muna haka. Sai wata la'asar, daga ƙarƙashin hayaniyar iska, wani bugu ya taso siriri, santsi, babu gargada. Tun kafin kalma ta cika Kawu ya damƙe wuyan hannuna.

"Shi ne."

Saƙon ya ce: Baba, hannunka ne. Baba, kana raye.

Na jira Kawu ya gyara masa. Hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Buga masa: ɗana, ina nan."

"Kawu, in gaya masa ni ne a kan madanni?"

"Ka buga abin da na ce."

Na buga. Kalmar da na yi shekaru ina jira daga bakinsa, da yatsuna na aika wa wani ita, har da jan dogon ƙarshe.

Yaron Kawu ya ɗauka sabuwar lambar ta zo ne da sabon lasin. Ya yi wa Baba murnar cin jarrabawa, Kawu ya ce, "Ce masa da sauƙi ta zo." Ya ba da labarin abin da yaƙi ya cinye masa, matarsa da ƙaramin ɗansu, da yadda ya sami koyarwa a wata makarantar sana'a mai na'ura. Kullum yakan ce zai zo Kano bayan damina, kullum kuma ƙafarsa ta kasa komowa garin da ya bari a guje. Duk Lahadin da nake gida, har na gama jami'a, haka muka yi: Kawu na faɗa, ina bugawa, wani yana amsa Baba. In ba na nan, Kawu yakan sa in gaya wa yaron nasa tun da wuri cewa batir zai tafi gyara. In mun sauko yakan ce, "Ka ji hannu? Ko yaƙi bai taɓa shi ba." Game da nawa hannun, wanda ya isa a ɗauke shi a matsayin nasa, bai taɓa cewa uffan ba har ya bar duniya.

Lahadin da ta biyo bayan rasuwarsa na bar zaure bayan la'asar na hau soro ni kaɗai. Ana buɗewa na ji shi yana kira: Baba, ya jiki? Na rasa ta inda zan fara, domin duk abin da zan buga da hannun mamacin zai isa. Na buga: Baba ya rasu ranar Alhamis.

Iska ta yi ta shuuu. Can ya tambaya: Wa ke bugawa?

Na ce: Ɗan ƙanwarsa.

Tun yaushe?

Tun ranar farko.

Daga nan sai ganinsa kawai na yi a zaure ranar sadakar bakwai.

Da jama'a suka ragu ya roƙe ni in kai shi soro. Ya tsaya yana kallon bayan na'urorin inda ya taɓa ɓuya. Sannan ya nuna madannin ƙarfen ya ce, "Ƙanena, buga mini wani abu. Ko me ka ga dama." Na buga sallama. Ya rufe ido har na gama, bai buɗe da wuri ba.

Ya ce, "Shekara nawa ina zaune kusa da shi, ban iya ɗaukar wannan jan ba. Na gwada har na gaji. Kullum sai ya ce mini hannuna ya cika santsi, miya ce babu gishiri."

Na ce, "Ni kuwa cewa yake naka kamar zubar ruwa daga buta."

"Ni bai taɓa gaya mini ba."

Ya kama hannuna na dama ya juya shi, yana dubawa kamar mai taya kaya a kasuwa. Da ya ɗago, na ga a idonsa abin da na gani a idon Kawu bayan mun wuce Zariya. Ya sa ɗaya hannun a aljihu, na ji ƙarar tagulla a jikin makullai. Da madannin nan na Kawu ya tsallake yaƙin, ya rasa komai ban da shi. Na ɗauka zai fito da shi. Bai fito da shi ba, ni ma ban tambaya ba.

Inna ta aiko mana da tuwo a kwano ɗaya, ta ce a gaya wa 'ya'yan Yaya su ci tun da zafi. Tsoka ɗaya ce a cikin miyar. Muka cinye tuwon tas, muka mayar mata da kwanon da tsokar a ciki.

Na raka shi tasha washegari. Da jirgi ya yi kuka ya leƙo ta taga ya ce, "Lahadi?"

Na ce, "Bayan la'asar."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa hawan da ya yi babu sanarwa da duk abin da mu ba mu sani ba, ya saka masa da rigar da ya tuɓe ya rufa wa mai neman tsira. Ya haskaka kabarinsa, ya sa in an kira shi ya amsa da hannun da ba ya rawa. Mu kuma da ya bari, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.